Daga Mertoutek zuwa ɗakin kwanan jami'a: wa ke gadin kayan yaranmu?

Yawancinmu masu bin hanyar Agadas, Arlit, Assamaka da In Guezzam, iyakarmu Tamanrasset. A sauke kaya, a zaga kasuwa, a ɗauki dabino da taliya da madarar gari, a juyo gida. Masu zarcewa arewa wajen In Salah kuwa idonsu na kan kwalta, ba sa waiwayar duwatsun da ke hannun dama. To, a cikin waɗancan duwatsun akwai wani ɗan ƙauye mai suna Mertoutek, wanda ya kamata duk mai ɗa ko 'ya a jami'a ya ji labarinsa. Babu jami'a a can. Abin da ke can shi ne wata tsohuwar hanyar tsare dukiya, wadda ke aiki ƙwarai a ƙauye, amma take rushewa ranar da yaro ya saɓa jakar kwamfuta ya koma ɗakin kwanan ɗalibai.

Hanya da gari

Mertoutek yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Idlès ne, a jihar Tamanrasset. A miƙe, tsakaninsa da birnin kimanin kilomita 160 ne ta arewa, sai dai mota ba ta tafiya a miƙe a ƙasar Ahaggar. Za ka bi babbar hanyar In Salah har In Amguel, ka karya gabas wajen Hirafok, sannan ka sake fuskantar arewa ka shiga duwatsun Tefedest. Baƙo ba ya shiga nan gaba gaɗi. Sai da ɗan ƙasa mai ja-gora, da takardu cikakku, da ruwa da mai isassu.

Duwatsun Tefedest ba irin baƙaƙen tsaunukan da ke kewaye da Assekrem ba ne. Manyan mulmulallun duwatsu ne masu haske, wani kan wani, kamar an kife tukwane. A ƙarshensu ta arewa akwai Garet el Djenoun, wato Dutsen Aljanu, mai tsayin kusan mita 2,330, wanda mutanen wurin suka daɗe suna shakkar kusanta. A 1935 ne wata tawagar Faransawa ƙarƙashin Kyaftin Raymond Coche, tare da Roger Frison-Roche, ta hau shi. Tawagar nan ce kuma ta sanar da duniya zane-zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsun Mertoutek: shanu, mutane, namun dawa, shaidar cewa wurin da yau ko akuya ke wahalar ƙoshi ya taɓa zama makiyaya mai ciyawa. Tun 1987 yankin yana cikin gandun Ahaggar da gwamnatin Aljeriya ke karewa.

Shi kansa ƙauyen yana bakin wata ƙorama ce da ba ta kawo ruwa sai an yi sama. Gidajen ƙasa, bukkokin kara, masallaci, makaranta, sai lambuna a gefen ƙorama inda ake shuka alkama, albasa, tumatir da 'yan itatuwa. Mutanen Kel Ahaggar ne, harshensu Tamahak, ɗan uwan Tamashek ɗin da muke ji a Agadas. Kuma ba baƙinmu ba ne. Kakanninsu ne ke haƙo gishiri a Amadghor, gabas da waɗannan duwatsu, su ɗora wa raƙuma su gangara har Damargu, su musanya da gero su komo. Duk dattijon da ya tashi a Tanut ko Damagaram ya ji labarin ayarin nan. Tafiya ce ta watanni. Tambayar da ta kamata ɗan kasuwa ya yi ita ce: in maza sun tafi watanni, wa ke gadin abin da suka bari?

Masu gadi huɗu

Na kwana biyu a garin, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ake barin kaya a fili. Tukunyar gas a ƙofar bukka, buhun gari a inuwa, waya tana caji a jikin faifan sola, mai ita yana lambu. Kar a ɗauka mutanen mala'iku ne. Tarihin Ahaggar cike yake da hare-haren kwasar raƙuma tsakanin ƙabilu. Abin da ke akwai shi ne tsari, kuma in ka lura da kyau za ka ga masu gadi huɗu ne.

Na farko ido da sawu. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa har kaka. Ƙasar kuma rairayi ce, tana riƙe sawu. Makiyayi na iya duban ƙasa ya gaya maka raƙumin wane ne ya wuce, da kaya ko babu, jiya ko shekaranjiya. Wanda ya ɗauki abin wani bai da inda za shi da ba za a gane ba, bai da kuma wanda zai sayar wa.

Na biyu shaida. Kowane dangi na da alamarsa ta lalas da yake yi wa raƙumansa. Raƙumi na iya ɓata ya yi wata da watanni, a tsince shi a wata rijiya mai nisa, alamar jikinsa ta mai da shi gida.

Na uku kwaɗo. Maƙeran Abzinawa na ƙera wani kwaɗo na ƙarfe da tagulla da suke kira tanast, wanda ake datse bakin jakar fata da shi. Wani ba ya buɗuwa sai da mabuɗi biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya. Mata kan ɗaura irin mabuɗin nan a gefen mayafi, ya zama ado, ya kuma hana iska kwashe mayafin. Kun ga ke nan, har a inda aka yarda da juna ana kullewa.

Na huɗu rarraba kaya. Makiyayin Ahaggar ba ya yawo da duk abin da ya mallaka. Hatsi da dabino da abin da ba a buƙata yanzu, sai a ɓoye a kogon dutsen da shi da iyalinsa kaɗai suka sani. In wani abu ya sami zango, akwai abin komawa.

Ranar da yaro ya ci bakaloriya

Yaron Mertoutek da ya ci jarrabawar bakaloriya ba shi da zaɓi, sai ya bar gida. Mafi kusa ita ce jami'ar Tamanrasset, wadda aka buɗe a matsayin cibiyar jami'a a 2005, ta zama cikakkiyar jami'a a 2020, take kuma ɗauke da sunan Amenokal Hadj Moussa Akhamouk, sarkin Kel Ahaggar. A Aljeriya, hukumar ONOU da aka kafa a 1995 ita ke kula da kwana da abinci da motocin ɗalibai. Ƙa'idarta: namijin da gidansu ya kai nisan kilomita 50 daga jami'a, da macen da nasu ya kai 30, suna da haƙƙin ɗaki. Kuɗin ɗakin 'yan ɗaruruwan dinari ne a shekara, tikitin abinci kuma bai kai dinari biyu ba. Wannan sauƙin ne ke sa ɗan talaka daga ƙauye irin Mertoutek ya yi digiri, shi ne kuma ke jawo ɗalibai daga Nijar da Mali da sauran ƙasashen Afirka.

Amma ku dubi abin da ya canza. Daga garin da kowa ya san kowa, ya faɗo ginin da ɗaruruwan samari ke shiga da fita, daga garuruwa daban-daban, da harsuna daban-daban. Mutum biyu, uku, wani wurin huɗu a ɗaki ɗaya, kowanne da abokansa, kowane aboki da nasa abokin. Daɓen siminti ba ya riƙe sawu. Ga kasuwa kusa, inda waya ke sauya hannu uku kafin magariba. Mai gadi na farko, wanda ya fi duka ƙarfi, ya tafi. In yaro bai tashi sauran ukun da hannunsa ba, to kayansa na kan titi.

Wannan ba labarin 'ya'yan Abzinawa kaɗai ba ne. Yaronka da ya tashi a gida mai zaure a Maraɗi ko Katsina, inda babu mai wucewa ciki sai da sallama, haka zai ji a ɗakin kwanan jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya, ko Aljiyas. Mu muka saba da baƙunta. Su ba su saba ba, mu kuma sau da yawa ba ma koya musu. Mukan sayi kwamfuta da ribar tafiya guda, mu miƙa, mu ce Allah ya ba da sa'a, shi ke nan.

Me ke cikin ɗakin?

In ka tambayi yaro abin da ya fi tsada a ɗakinsa, zai ce kwamfuta. Ni kuwa ta uku nake sa ta.

Na farko takardu ne, musamman ga ɗalibi baƙo. Fasfo, katin zama, katin ɗalibi, da asalin takardun makaranta. Dokar Aljeriya mai lamba 08-11 ta 2008 ita ke tsara shiga da zaman baƙi, kuma kowa a cikinmu ya san yadda kame ke gudana a Tamanrasset. Ana sauke mutane a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya sama da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. Ɗalibi mai takardu halas yake zaune. Amma wanda aka sace wa jaka da komai a ciki, da me zai nuna haka a bakin shinge?

Na biyu aikin da ke cikin kwamfutar. A tsarin jami'o'in Aljeriya da Nijar, lasisi shekara uku ne, masta biyu, a ƙarshe kuma akwai kundin bincike. Ana iya sayen wata kwamfuta gobe in da kuɗi. Kundin da aka yi wata takwas ana rubutawa ba a sayar da shi a kowace kasuwa. In ya tafi saura sati uku a gabatar, shekara ce ta tafi, da kuɗin shekara.

Sai ita kwamfutar da waya. Sannan kuɗi, sannan zinare ga 'yan mata.

Ɗaliban da na zanta da su, a Tamanrasset da kuma gida, kusan lokuta iri ɗaya suke ambata. Lokacin da aka tafi layin abinci. Minti goma na wanka, an sakaya ƙofa ba a kulle ba. Sallar Juma'a. Ƙarshen mako, wanda a Aljeriya Juma'a da Asabar ne, in na kusa sun tafi gida bene ya yi shiru. Makon jarrabawa, da kowa hankalinsa ba ya jikinsa. Ɗakin karatu, an bar kwamfuta a kan tebur an zaga bayi. Sai ranar kwashe kaya a ƙarshen shekara, ranar da kowa ke fita da jaka, babu mai tambayar ta wace ce. Da wuya ka ji an fasa ƙofa. Galibi a buɗe aka same ta. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Kwaɗo

Makullin ɗakin ɗalibai ya ga hannaye da yawa. Waɗanda suka zauna bara da bara waccan, wa ya san kwafi nawa suka yanka? Abu na farko da yaro zai yi shi ne ya nemi izinin hukumar gidan a sauya cikin makullin, 'yan ɗakin su haɗa kuɗin, kowa ya riƙe nasa ɗaya. Ba a ajiye mabuɗi saman ƙofa, ba a sa shi cikin takalmi a bakin ƙofa. Duk ɓarawo nan yake fara dubawa.

Bayan makullin ɗaki, kowa ya sami nasa na kansa: kwaɗo mai kauri a kabad, ko akwatin ƙarfe irin wanda muke zuba kaya, a ɗaure shi da sarƙa a ƙafar gado. Wannan ba zargin abokin zama ba ne. Hasali ma kare shi ne daga zargi, don in abu ya ɓata a kulle, ba za a fara kallonsa ba. Yawancin kwamfutoci na da wani ɗan rami a gefe da ake saƙala igiyar ƙarfe ta Kensington, a naɗe ta a ƙafar tebur. Ba za ta hana mai almakashin ƙarfe ba, amma tana hana mai wucewa ya sura, kuma shi ne ya fi yawa. Wanda ɗakinsa ke ƙasa kuma ya janye tebur da wurin caji daga bakin taga, don sanda mai ƙugiya ta isa.

Shaida

Kwamfuta ma tana da lalas ɗinta. A ƙarƙashinta akwai lambar da kamfani ya ba ta, wadda babu wata mai irinta. Waya kuma in ka danna *#06# za ta nuna maka lambarta ta IMEI, mai alƙaluma 15. Ranar da aka saya, a ɗauki hoton lambobin nan, da hoton rasit, da hoton na'urar kanta, a tura wa uba da uwa ta WhatsApp, a kuma rubuta a littafin shago inda ake rubuta bashi. In an je wurin 'yan sanda, tambayar farko ke nan. Wanda ya ce tawa baƙa ce ƙirar HP, daidai yake da wanda ya je kara ya ce raƙumina fari ne. Rasit ɗin nan kuma zai yi amfani a gaban jami'an duwan in yaro zai tsallaka iyaka da ita.

A ƙara da alamar ido. A karce suna ko lamba a wani lungu na jikinta, a manna abin da zai bambanta ta daga nesa. Kyanta zai ragu, gaskiya ne, amma kuɗinta a hannun ɓarawo ma zai ragu. A kuma kunna tsarin gano na'ura tun kafin ta ɓata. Google na da shi a wayoyin Android, Apple na da shi, Windows ma haka. Bayan ta ɓata ba a iya kunnawa.

Kogon dutse

Wannan shi ne gadin da ba ya cin kuɗi, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Duk aikin makaranta ya zauna a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin filash, da kan intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, ya ishi kundin kowa har da ragi. Wanda intanet ke masa wuya ya riƙa tura wa kansa ta imel. A ware rana ɗaya a mako, a ce daren Alhamis, a kwafe. Filash ɗin kuma, don Allah, kar a sa shi a aljihun jakar kwamfuta. Wanda ya ɗora gishiri da guzuri a kan raƙumi ɗaya, in ya ɓata ya rasa duka biyun.

A sa wa kwamfuta kalmar sirri, a kuma kulle abin da ke cikinta da BitLocker a Windows ko FileVault a Apple, yadda ko an cire ma'ajiyarta ba za a karanta ba. Akwai doguwar lambar ceto da tsarin ke bayarwa: a rubuta ta a takarda a ajiye a gida, don in ta ɓata mai kwamfutar ma ba zai shiga ba. Wannan ya fi muhimmanci ga 'yan mata, saboda hotunan da ke waya kan zama abin barazana a hannun mugu.

Takardu ma haka. Kowace a yi mata kwafi da hoto. Kwafi ɗaya a gida, ɗaya a waya, na asali a kulle, sai wanda doka ta ce a riƙa yawo da shi. Kuɗi kuwa ba a tara su a ɗaki. A Aljeriya tallafin ɗalibai ta asusun gidan waya yake shiga, wanda ake kira CCP, da katinsa na Edahabia. A bar kuɗi can, a riƙa cirar na kwana biyu. Ba a rubuta lambar sirri a jikin kati. Layin waya ma a sa masa lambar sirri, tun da yanzu wanda ya riƙe layinka ya kusa riƙe asusunka. Zinaren Hajiya ƙarama kuwa ya zauna a gida sai ranar biki.

Akwai kuma ɓarayin da ba su da ƙafa. Ƙurar hamada na toshe fankar kwamfuta har ta ƙone, don haka a rufe ta a jaka in ba a aiki. Zafi na kashe batir, kar a bar ta a mota ko bakin taga, kar a ɗora ta kan bargo tana aiki. Sai wuta. A Fabrairun 2021 wata ɗaliba ta rasu a gobarar da ta tashi a ɗakinta a gidan ɗalibai na Ouled Fayet, a Aljiyas, har aka sauke shugaban ONOU. Soket ɗaya da aka jona wa hita da risho da caja huɗu, a dare mai sanyi irin na Tamanrasset, ya fi kowane ɓarawo haɗari.

Namu laifin, mu iyaye

Akwai abin da mu 'yan kasuwa ke yi, gara a faɗe shi. Da zarar yaro ya sami ɗaki a wani birni, sai mu mai da shi reshen shago. A aika masa wayoyi goma ya riƙe kafin wane ya zo. A ce ya karɓi kuɗin kaya wurin wane ya ajiye. A turo ɗan uwa ya kwana biyu a ɗakin kafin ya sami mota. Alhaji, ɗakin ɗalibi ba sito ba ne, ba kuma masauki ba. Ƙa'idar gidajen ɗalibai ta hana saukar da na waje, yaro na iya rasa ɗakinsa a kan haka. Ranar da aka san ana ajiye kuɗi a ɗaki kaza kuwa, ba kuɗin kaɗai ke cikin haɗari ba, har mai riƙon.

Abin da ya kamata mu ba shi shi ne abin da kakanninmu suka ba mu: maigida. Fataken goro da shanu ba su taɓa sauka Salaga ko Kumasi ko Sabon Ibadan haka kawai ba. Akwai mai masauki da ke karɓar kaya da kuɗi amana, wanda sunansa shi ne jarinsa. Kusan duk garin da ke da jami'a a hanyarmu akwai Bahaushe mai shago da aka sani. A haɗa yaro da shi, ya zama nan zai kai akwatinsa lokacin hutu, a rubuta abin da ke ciki, a gaban shaida. Shi ma yaron ya san maƙwabtansa na dama da hagu, ya san mai gadin ƙofa da suna, ya gaishe shi. Mutum biyar a bene ɗaya da suka san fuskar juna da kayan juna, ƙaramin Mertoutek ne suka gina.

Sai maganar saye. Kwamfutar da aka sace ba ta ɓacewa, kanti take zuwa, wani lokacin namu. A kan hanyar nan ta In Salah, gaba da In Amguel kaɗan, akwai In Ekker, inda Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 13 a cikin dutse tsakanin 1961 da 1966. A na ranar 1 ga Mayun 1962 toshiyar ramin ta gaza, gurɓataccen hayaƙi ya fito, kuma Mertoutek na cikin garuruwan da har yau ke ambaton abin da ya biyo baya. Bayan tafiyar sojoji, mutane sun yi ta kwasar wayoyin tagulla da ƙarafa daga wurin suna sayarwa, ba su san abin da ke jikinsu ba. Tun da na ji wannan nake tuna shi duk sanda aka kawo mini kaya mai araha da ba a san asalinsa ba. Yaro ya zo da kwamfuta babu caja, babu rasit, bai san kalmar sirrinta ba, yana neman rabin kuɗi: ka san ko kundin ɗan wa ke ciki? Dokar laifuka ta Aljeriya, sashe na 387, tana hukunta mai karɓar kayan sata, haka ma dokokin Nijar da Najeriya. Ka nemi rasit, ka sa ya buɗe ta a gabanka, ka rubuta lambarta da shaidar mai sayarwa. In ya ƙi, ka bar shi ya wuce.

In ƙaddara ta faɗa

A sanar da hukumar gidan a ranar, a rubuce. A je ofishin 'yan sanda da lambobin nan a karɓi takardar shaidar sata, don da ita ake neman sabon fasfo da katin zama. A Aljeriya lambar 'yan sanda 17 ce ko 1548, ta jandarma 1055, ta 'yan kwana-kwana 14. A rufe layin waya da katin kuɗi, a sauya kalmomin sirri na imel da sauran su. In tsarin gano na'ura ya nuna inda take, hukuma za a kai wa, ba a tara abokai a tafi ba.

A kuma kama baki. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ba a zuwa wurin mai duba a dawo a nuna ɗan mutane da yatsa, ba a kuma yin ihun ɓarawo a cikin taro. Ranar 5 ga Oktoban 2012, a Aluu kusa da Fatakwal, taron jama'a ya kashe ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal a kan zargin sata, kuma a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan kashe su. Babu kwamfutar da ta kai ran mutum, babu kuma wadda ta kai a kori yaro daga makaranta don ya ɗauki doka a hannunsa.

Ku kuma iyaye, in yaro ya bugo waya muryarsa na rawa ya ce an ɗauke, kar kalmar farko ta zama faɗa. Yara da yawa na ɓoye sata wata da watanni don tsoron gida, har lokacin kai ƙara ya wuce, karatu ya lalace. Ku fara da tambayar lafiyarsa, sannan takardu, sannan aikin.

Kafin a koma makaranta bana, a sami dare ɗaya bayan isha'i a zauna da yaro da kayansa a gaba. A rubuta lambobi, a ɗauki hotuna, a gwada kwaɗo, a bugo wa maigidan da zai karɓe shi. Duka bai fi awa ɗaya ba, kuɗin kuma bai kai na buhun taliya ba. An umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, mu kuwa da ke kwana a hanya mun fi kowa sanin dalili. Allah ya tsare mana su a inda idonmu ba ya kaiwa, ya dawo mana da su da abin da suka je nema.